Anu Araren: ranar da muka wayi gari rairayi ya toshe ƙofa

 Kun ce in na dawo daga arewa in ba ku labari, to ga shi.

Ƙanwata ce ta haihu a Anu Araren, inda mijinta ke aiki, na je wankan jego cikin watan Janairu, tsakiyar hunturu. Daga Maraɗi na bi ta Tawa zuwa Agadas, kan titin nan da ake kira hanyar uraniyom, wadda ta miƙe har Arlit. Daga Agadas sai mota ta yi arewa maso yamma, kamar kilomita 75, zuwa yankin Cirozerin. Babu gonar gero ko ɗaya a hanya. Duwatsu ne baƙaƙe, da ƙaya, da raƙuma, can gabas kuma tsaunukan Abzin.

Abzinawan wurin sun ce mini "anu" a harshensu rijiya ke nan. Amma abin da ya tara mutane a nan gawayin ƙasa ne. A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR, tun 1981 kuma yake ƙona gawayin yana ba da wutar lantarki. Wannan kuran ɗin shi ke tafiya Arlit wurin haƙar uraniyom, shi ke haska Agadas. Wani kason gawayin ana gyara shi don girki, kuma na ga mata na dafa tuwo da shi, tunda icce a wannan ƙasa tsada gare shi.

Sanyin can ba irin namu ba ne. Da rana sai ki tuɓe mayafi, da dare kuwa bargo biyu ba ya isa. An ce mini a saman dutsen Bagzan har ruwa kan daskare a kwano. Ɗan ƙanwata ya nuna mini hoto a waya na dusar ƙanƙara da ta sauka kan tudun rairayi a garin Ain Sefra na Aljeriya a 2018. Uwarsa ta yi dariya ta ce, "Yaya, tamu ƙanƙarar ja ce, kuma ba ta narkewa. Ki dai jira."

Kwana biyar da zuwana na gani. Da la'asar gabas ta yi ja, awaki suka fara kuka suna neman gida. Ƙanwata ba ta ce komai ba, ta miƙo mini tsummokara da bokitin ruwa. Muka jiƙa su muka cusa ƙarƙashin ƙofa da tagogi, muka ɗaure bakin randa da zane, muka kife tukwane. Jaririyar aka lulluɓe ta da gyale mai laushi. Daga magariba iska ta kama, kwano na ƙara kamar ana dukansa da tsakuwa. Kwana biyu da yini ɗaya ba mu ga rana sosai ba. Duk loma ɗaya sai kin ji ƙasa a haƙori.

Ran da ta lafa, ƙofar gida ta ƙi buɗuwa. Rairayi ya taru a bayanta har gwiwa. Sai da yaron ya haura katanga ya tone ta waje da kwanon sha. Da muka fito, kowace mace a layin na duƙe, wata da tsintsiya, wata da tasa, mai shebur kuwa ta zama sarauniya, kowa na jiran ta gama.

Aikin yana da tsari, kuma tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta koya mini. Na fara shara daga tsakar gida, ta ce, "A'a 'yata, daga sama ake farawa." A fara kwashe na kan rufi, don nauyinsa na lanƙwasa kwano, in kuma aka bar shi sai ya sake zubo miki kan inda kika share. Sannan a tono gindin katanga ta gabas, inda ya fi taruwa. Sai a yayyafa ruwa kaɗan kafin tsintsiya, don ƙurar ita ke kawo tari da ciwon ido. Abin da aka kwashe kuma a kai shi yamma da gida. Wadda ta zubar ta gabas, gobe iska ta maido mata kayanta. Bayan haka a tankaɗe gari, a tace ruwa, a wanke wa awaki ido.

Muna cikin haka aka zo aka ce a je bakin gari. Akwai wata baiwar Allah a ƙungiyar asusun su ƙanwata. Mijinta ya yi aiki a Akokan, kusa da Arlit, har mahaƙar COMINAK ta rufe a ƙarshen Maris 2021. Suka dawo nan, daga baya Allah ya yi masa rasuwa, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Bukkarta ta tabarma ce irin ta Abzinawa. Iska ta yaye gefe ɗaya, ta karya garken awakinta, ɗan akuya ɗaya ya mutu a sanyi. Abin da ya fi ƙona mata rai, sati biyu kafin nan ta ɗauki bashin jika 20 a ƙungiya ta sayi fulawa da sukari da mai don fanke. Buhun ya kife, sukari da rairayi sun zama abu ɗaya.

Mun same ta zaune tana tankaɗe fulawar, hawaye na zuba. Shugabar ƙungiya ta durƙusa ta ce, "Sannu ƙawata. Ajiye rariyar nan, tashi mu ɗaure ɗaki tukuna." Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata wajen goma sha biyar muka yi gayya: masu kafa itace, masu ɗinke tabarma, masu kwasar rairayi. Kafin azahar ɗaki ya tsaya. Ita kuma ta toya mana tagalla, gurasar nan da ake binnewa cikin rairayi mai zafi da garwashi, muka ci da cuku da shayi.

Da yamma aka yi taron gaggawa, aka kawo akwati, masu makulli uku suka buɗe. A nan aka yi gardama, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wata ta ce a yafe bashin. Ma'ajiya ta ce, "Wallahi ina tausayinta, amma kuɗin nan na mu duka ne. Kowa a nan iska ta taɓa ta. In aka yafe yau, gobe fa?" Wata ta ce to a bar doka yadda take. Aka yi shiru. Sai ita mai bashin ta ce ba ta son a yafe mata, lokaci kawai take roƙo.

Ga abin da suka yanke. Bashi na nan, amma an ɗaga mata wata biyu ba tara. Daga asusun taimako, wanda kowa ke jefa dala 10 a ciki duk sati, aka ba ta jika 6 kyauta ta sake sayen sukari. Aka kuma ƙara doka: ɓarnar iska ta shiga cikin abin da asusun taimako ke ɗauka, kamar rashin lafiya da rasuwa. Kafin in taho na sayi fankenta na dala 20 a bakin hanya.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991 muke cewa asusu na ranar wuya ne. To a ƙungiyata, na duba, dokarmu ba ta ce komai ba kan ruwan da ke rushe katanga da damina ko gobarar hunturu. Kullum sai abu ya faru muke fara jayayya, mai hasara na zaune tana jin mu. Ina roƙon kowace ƙungiya ta ɗauki zama ɗaya a wannan wata ta tambayi kanta: me asusun taimako ke biya, nawa, kuma kwana nawa ake ɗaga wa wadda masifa ta samu? A yanke tun hankali na kwance, kowa ta ji da kunnenta.

Jaririya na lafiya, ta ci sunan mahaifiyarmu. Jakata kuwa har yau in na zazzage ta sai jan rairayi ya zubo. Allah ya sa albarka a zubinmu, ya tsare mu da sharrin iska da na ruwa. Sai mun haɗu a taro.