Bazarar Kulle a Gaya da Ajingi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gaya ya san babu lokacin da ya kai tsakanin Afrilu da Yuni tsanani a gidan manomi. Rumbu ya yi ƙasa, rijiya ta ja, zafi ya kai maƙura, ruwan shuka bai sauka ba. Abin da ke riƙe gida a wannan tsakani shi ne 'yan kuɗin da masu ci-rani ke aikowa daga Kano ko Legas ko Fatakwal, da akuya ko kazar da za a kai kasuwa a juya ta ta koma hatsi. A daidai wannan gaɓar dokar kulle ta 2020 ta same mu, ga azumi a bakin ƙofa.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a birni. Da aka rufe makarantu ran 23 ga Maris, albashi ya tsaya tare da karatun, sai na tattara na koma garinmu a ƙaramar hukumar Ajingi. Ran 11 ga Afrilu aka ba da sanarwar mutum na farko da ya kamu da korona a Kano. Daren 16 ga wata Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe jihar, da cewa na mako ɗaya ne. Makon ya wuce ba a buɗe ba. Ran 27 ga Afrilu muna zaune gindin darbejiyar ƙofar gidan kawuna, rediyo a tsakiyar tabarma, muka ji Shugaba Buhari ya ce za a fara sassauta wa Legas da Ogun da Abuja, Kano kuwa ya ƙara mata mako biyu. Ba wanda ya tanka sai da aka gama fassara jawabin da Hausa. Daga nan gardama ta tashi, kuma ba ta kwanta ba sai da damina ta kankama.

Kawu dillalin awaki ne, cinsa da shan iyalinsa duk a ranar kasuwa suke. Babban wana kuma ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibitin karkara. Su biyun nan su ne jigon gardamar, mu sauran muna bin wanda maganarsa ta fi taɓa mu a ranar.

"Ku da kuka yi boko ku gaya mini," in ji Kawu. "Cutar da ban gani ba, da tukunyar da ba a ɗora ba a cikin gidana, wacce zan fara gudu? An ce a zauna a gida, to na zauna. Wa zai kawo awo?"

Yaya ba ya ɗaga murya a gabansa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, gaskiyarka ce. Amma ka tambayi masu dawowa daga birni abin da ake yi a maƙabartu. Asibitinmu ba mu da iskar da ake sa wa mai sarƙewar numfashi, ko takunkumin kirki ba mu da shi. In abin nan ya shigo mana da ƙarfi, ido kawai za mu zuba."

Maganar maƙabartun ba jita-jita ba ce. A ƙarshen Afrilu masu haƙar kabari a birni suka fara faɗa wa 'yan jarida cewa ba su taɓa ganin gawarwaki na zuwa haka ba. Kusan kullum rediyo na sanar da rasuwar wani babba: Farfesa Ibrahim Ayagi a ƙarshen Afrilu, Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila ran 2 ga Mayu, ga malaman jami'a da limamai da tsofaffin ma'aikata. Ni kaina an bugo mini waya daga unguwar da nake haya cewa dattawa biyu da muke sahu ɗaya da su sun rasu a jere. Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. A daidai lokacin kuma ɗakin gwajin da ke Asibitin Malam Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Mutane na mutuwa, ba a gwaji, ba a faɗi abin da ke kashe su ƙarara ba. Shi ya sa kowa ya riƙe abin da zuciyarsa ta fi karkata gare shi: wani ya ce annoba ce, wani ya ce zafi ne da azumi, wani ya ce ƙirƙirar ta aka yi don a karɓo kuɗi daga Abuja. Har samari suka riƙa zagaye suna cewa babu korona.

Ban taɓa yarda da masu cewa babu ba. Amma na fahimci inda maganar ta samo ƙarfi. Mutumin da aka hana shi fita neman abinci, ba a kawo masa komai ba, bai kuma ga an gwada kowa a garinsu ba, da me za ka lallashe shi?

Farkon Mayu aka kawo abin da aka kira sassauci: Litinin da Alhamis, daga ƙarfe goma na safe zuwa huɗu na yamma, a fita a yi cefane. An ambaci manyan kantuna, da kasuwar 'Yankaba ta kayan miya, da 'Yan Lemo. Wannan tsari ne da aka yi wa mai albashi a birni, wanda kuɗinsa ke banki, kanti ke bakin titi. Mu kasuwanninmu na mako-mako ne, kowace da ranarta tun kaka da kakanni. Kasuwar Wudil, wadda karar shanunta ke jan fatake har daga kudancin ƙasar nan, Juma'a take ci. Mutumin Toranke ko Gafasa ko Kademi sai ya sayar kafin ya saya. In ka buɗe masa Litinin alhali kasuwarsa ba ranar take ci ba, fataken kudu kuma an rufe musu hanya, ba ka buɗe masa komai ba.

To sai kasuwa ta koma daji. Tun asubar fari za ka ga mutane da awaki a kan babur suna bin burtali, a haɗu a wani fako nesa da titi, a yi ciniki a tsaitsaye, a watse kafin rana ta ɗaga. Na raka Kawu irin wannan kasuwa da tunkiyar Inna, wadda ta shekara tana kiwo da dusa da harawa don ta sayar gab da Sallah ta yi wa marayun jikokinta ɗinki. Mai saye ya san ba mu da zaɓi. Ya taya ta a wulaƙance, ya juya kamar zai tafi, Kawu ya kira shi ya sallama. Kuɗin a awon gero da gishiri suka ƙare, ɗinki bai samu ba. Da muka kawo wa Inna sauran canjin, ta ƙulle a bakin zane ta ce, "Allah ya sa iyakar wahalar ke nan." A wannan kasuwar ɓoye kafaɗa na gugar kafaɗa, babu mai takunkumi, babu ruwan wanke hannu. Da an bar kasuwar gari ta ci a ranarta, an sa dagaci da sarkin kasuwa sun tsara shiga da fita, da abin da ake gudu ya fi raguwa. Yaya da kansa ya yarda da wannan, shi da yake goyon bayan kulle. A birni ma ranakun sassaucin cunkoso suka haifar, domin mutanen kwanaki da yawa ne ake tarawa cikin awa shida.

Tallafin da aka yi ta shela a rediyo ya zo, amma gidajen da suka samu a mazaɓarmu ba su taka kara sun karya ba, kuma yadda aka zaɓe su ya bar ƙorafin da ya daɗe bai mutu ba. Abin da ya riƙe mutane shi ne abin da ya saba riƙe su: maƙwabci ya miƙo kwano ta katanga, mai hali ya fitar da zakka da wuri, mai kanti ya ba da bashi ya rubuta a littafi.

Akwai kuma almajirai. Gwamnonin Arewa sun yanke shawarar mayar da kowane yaro jiharsa, sai aka riƙa ɗibar su a motoci daga Kano zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna, wasu jihohin kuma suka maido wa Kano nata. Mu da ke bakin iyakar Jigawa abin ya taɓa mu sosai, don tsakaninmu da Dutse da Ringim aure ne da kasuwa da karatun allo. An ce kowa ya zauna inda yake, amma yara ƙanana su aka ɗura a mota. Daga baya jihohin da suka karɓa suka ce sun sami masu cutar a cikinsu. Har yau in na tuna wannan raina yakan ɓaci.

Gardamar da ta fi zafi ita ce ta masallaci. Azumi ya kama ran 24 ga Afrilu, ba tafsiri a bainar jama'a, ba asham a manyan masallatai, ba Juma'a. Dattawan da ba su taɓa rasa Juma'a ba tun balagarsu suka riƙa sallatar azahar a zaure da hawaye. Ran 18 ga Mayu gwamnatin tarayya ta ƙara wa Kano mako biyu, a daidai lokacin da gwamnatin jiha, bayan zama da wasu malamai, ta ce a yi Juma'a a yi Idi, ta kuma mayar da ranakun fita Lahadi da Laraba da Juma'a. Majalisar Malamai ta Kano, ƙarƙashin Sheikh Ibrahim Khalil, ta ce ba ta goyon bayan buɗewar, fadar Sarkin Musulmi ma ta ja hankali a guji taron Idi. Limamin garinmu, dattijo mai tsoron Allah, ya shiga tsaka mai wuya. Masu son a buɗe suna ce masa, "Allah gafarta Malam, an buɗe kasuwa, ɗakin Allah ne za a bari a rufe?" Masu tsoro suna tuna masa cewa sahun gaba duk tsofaffi ne, su kuma cutar ta fi kayarwa. Ya buɗe, ya gajarta huɗuba, ya roƙi masu tari da masu yawan shekaru su yi sallarsu a gida. Kaɗan ne suka ji roƙon. Ran 24 ga Mayu aka yi Idi, babu hawa a Gaya, babu yawon Sallah irin na da.

Ruwa na sauka majalisar darbejiya ta watse. Babu dokar da za ta hana manomi shuka, ba wanda ma ya gwada. Sai dai mutane da yawa sun shiga daminar ba kuɗin taki, wasu sun riga sun cinye irin da suka ajiye, wasu sun ci bashin hatsi da za su biya da kaka. Ran 8 ga Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya gano mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce ta jawo su. Na birni aka ƙirga. Namu na karkara an binne su an yi addu'ar uku, ba a san me ya ɗauke su ba. Farkon Yuli aka ɗage kullen gaba ɗaya.

Yau in aka tambaye ni wa ya fi gaskiya tsakanin Kawu da Yaya, cewa nake ba su ne ya kamata a sa a gaba ba. Cutar gaskiya ce, yunwar ma gaskiya ce, kuma an bar talaka ya zaɓi ɗaya shi kaɗai. An rufe ba a tanadi abinci ba, an buɗe ba a tanadi gwaji ba, kuma a duka biyun ba a zauna da mai unguwa da sarkin kasuwa da liman da ma'aikacin asibitin ƙauye an tambaye su yadda garinsu ke rayuwa ba. Annoba ba ta gama zuwa duniya ba. Roƙona ga masu mulki a Kano, da masarauta, da shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, shi ne a sa iskar numfashi da kayan gwaji a asibitocinmu tun yanzu, a kuma rubuta ranakun kasuwanninmu a ajiye, don kada a sake yanke mana doka daga birni ba a duba su ba.