Duwatsunmu Na Jiran Mai Zane



Ku ba yaron lakwal takarda da fensir, ku ce ya zana dutse. Sau da yawa abin da zai fito da shi wani tsauni ne mai tsini, da farar ƙanƙara a kansa, irin na kalandar Turawa. Alhali yaron nan a gindin duwatsun Muniyo aka haife shi. Ba laifinsa ba ne. Bai taɓa ganin dutsen garinsu a rataye a bango ba, shi ya sa yake zaton bai kai a zana shi ba.

To, mu kuwa Allah ya ba mu abin kallo. Ga duwatsun Muniyo da suka rungume garinmu. Ka yi arewa wajen Kelle, ga Kutus mai shimfiɗaɗɗen kai. Can gaba a yankin Tasker ga Tarmit, baƙin dutse a tsakiyar rairayi, wanda gwamnati ta mai da gandun namun daji a 2012. Ga kuma kwarurrukanmu masu dabino da goriba da kanwa.

Baƙi sun riga mu ganin darajar wannan ƙasa. A watan Disamba na 1852, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, ya rubuta labarin duwatsunmu. Yau shekara fiye da 170, mai son sanin Muniyo ta wancan zamani sai ya buɗe littafin baƙo. Jikokinmu fa, littafin wa za su buɗe?

Wannan ba zancen ado kawai ba ne. Kowa ya san yadda rairayi ke tafiya. Kwarin da dattawa suka yi noma a cikinsa, wani yau tudu ya cinye rabinsa. Waya tana ɗaukar hoto, gaskiya ne, amma wayar ta faɗa ruwa ko a sace ta, shi ke nan. Zane kuwa yana zama a zaure, yaro ya tambaya, tsoho ya ba da labari.

Wani zai ce, addini fa? Malamai da yawa sun yi bayani cewa zanen abin da ba shi da rai, kamar dutse da itace da sararin sama, babu laifi a cikinsa. Mai shakka ya tambayi malaminsa. Kuma hannun zane ba baƙo ba ne a wurinmu: dubi zayyanar allo, dubi adon gidajen Birni a Damagaram, dubi samarin da ke fentin kantuna da manyan motoci. Ga kuma Rissa Ixa, wanda ya yi suna da zanen rayuwar hamada a kan gilashi. Abin da ya gani a ƙasarsu shi ya zana.

Kayan aiki ma ba sai an je Yamai ba. Ƙaron da ake tsinka a dajinmu, shi ne dai masana'antun Turai ke sa wa a fentin ruwa don launi ya kama takarda. Almajirai sun daɗe suna haɗa shi da gawayi su yi tawada. A daka jar ƙasa, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwan ƙaro, an samu launin dutse. Mai koyo ya fita da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ke fito da siffar dutse. Da tsakar rana komai fari fat yake. Ya lura kuma, dutsen nesa ya fi na kusa dushewa, balle lokacin hazo.

Saura baje koli, kuma nan ne gizo ke saƙa. Mai zane in ya ɓoye aikinsa ƙarƙashin katifa, gara ce za ta yi kallo. Ba sai mun jira babban biki irin Zinder Saboua na 2018 ba. Aji guda na lakwal lokacin hutu ya isa, ko rumfa ranar kasuwa, ko gefen filin bikin 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba. Igiya, ƴan ƙusoshi, sai takarda ƙarama a ƙarƙashin kowane zane: sunan dutsen, sunan mai zane, shekara, da kuɗinsa.

Mu kuma masu kallo, kada mu tsaya ga "kai, ya yi kyau!" Yabo ba ya sayen fenti. Mai kanti, mai gidan abinci, ma'aikacin da ke neman tsarabar da zai kai Yamai, a cire jaka biyu ko uku a sayi aikin ɗan gida. In ba mu saya ba, yaron nan zai aje buroshi ya kama wata sana'a.

Malaman lakwal, ku fita da yara gindin dutse ko sau ɗaya a shekara. Iyaye, in kun ga yaro na zane, kada ku ce wasa yake. Allah ya yi wa hannun ƴaƴanmu albarka, ya tsare mana Gure da duwatsunta. Amin.