Sarƙar Hujja: Nasiha Ga Ɗana Mai Son Sudoku

Ɗana, labari ya iske ni cewa sudoku ta fara yi maka gardama. Ka cinye masu sauƙi, ka haye matsakaita, yanzu kuma sai ka zauna gaban masu tsauri da fensir a hannu, ka rasa gida ko ɗaya da za ka ce ga lambarsa. Na ji daɗin wannan labari, domin nan ne wasan yake farawa. Abin da ka yi a baya aikin ido ne. Daga yanzu sai hujja.

Wasan nan ya girme ka. A 1979 ya fara fita a wata mujalla a Amurka, ana kuma danganta ƙirƙirarsa ga Howard Garns, mai zanen gine-gine. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, can ya samu sunan da muke kiransa da shi. Bai game duniya ba sai da Wayne Gould, tsohon alƙali a Hong Kong, ya kai wa jaridar The Times ta Landan a ƙarshen 2004. Lokacin ina cikin shekaruna na ƙarshe na koyar da lissafi, kuma tun daga nan nake kallon yadda gidaje 81 ke tona halin mutum.

Akwai wani abokin aikina, mutum mai kaifin basira, wanda da biro yake cika nasa. In ya cije, sai ya dubi gida mai lamba biyu ya ce bari ya gwada ɗaya. Wani lokaci ya dace. Sau da yawa kuwa sai ya cika gidaje masu yawa, can gab da ƙarshe lamba ta ci karo da 'yar'uwarta a layi ɗaya, ya yi tsaki ya naɗe jaridar. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ranar da ya dace, don a ranar bai koyi komai ba, sai ma ƙarin ƙarfin gwiwar sake cinta.

Saboda haka kada ka rubuta lambar da ba za ka iya faɗin dalilinta ba. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: ka ajiye takardar ka je ka yi wata hidima, gobe ka dawo da sabon ido, ya fi maka ka yi caca da ita.

Ɗalibaina da suka nace wa wasan, na lura ba a wurin manyan dabaru suke faɗuwa ba. A wurin ƙananan lambobin da ake rubutawa a kusurwar gida suke faɗuwa, waɗanda nake kira 'yan takara, wato duk lambar da har yanzu take da damar zama a gidan. Yaro zai rubuta na wasu gidaje ya tsallake wasu don gajiya, ko ya manta bai goge wanda ya faɗi ba. Daga nan duk abin da ya gina a kai ya tashi a banza, ko da tunaninsa daidai ne. Tun ran gini, tun ran zane. Ka cika 'yan takararka kaf, ka riƙa sharewa duk sanda ka zaunar da lamba, kafin ka fara maganar sarƙa.

To, ga zuciyar al'amarin, ka ba ni hankalinka. Tsakanin 'yan takara biyu akwai ƙulli iri biyu. Ƙulli mai ƙarfi yana cewa: in wannan ba gaskiya ba ne, to lallai wancan gaskiya ne, ba za su faɗi su duka ba. Haka yake in lamba 7 tana da gurbi biyu kacal a layi, ko gida yana da 'yan takara biyu kacal. Ƙulli mai rauni kuma yana cewa: in wannan gaskiya ne, to wancan ba gaskiya ba ne, ba za su tsaya su duka ba, amma suna iya faɗuwa tare. Haka yake tsakanin kowane 7 biyu da ke layi ɗaya ko ɗaki ɗaya, wato ƙaramin murabba'in da ya tara gidaje, komai yawan sauran gurabun. Sarƙa ita ce ka jera su bi da bi, mai ƙarfi, mai rauni, mai ƙarfi, ka fara da mai ƙarfi ka ƙare da mai ƙarfi. In ka yi haka, ka tabbata ɗaya daga bakunan sarƙar biyu gaskiya ne, ko ma duka biyun, alhali ba ka san wanne ba.

Masu wasan sun daidaita a kan wata hanyar rubutu da suke kira Eureka. Harafin r yana nufin layin kwance, c layin tsaye, don haka r2c3 shi ne gidan da layin kwance na biyu ya haɗu da na tsaye na uku. Alamar = ƙulli mai ƙarfi ce, alamar - kuwa mai rauni. Dubi wannan:

(7)r2c3=(7)r2c8-(7)r6c8=(7)r6c2

Karanta shi da baki, a hankali. In r2c3 ba 7 ba ne, to r2c8 ne 7, tunda gurbi biyu ne kawai a layin. In r2c8 ya zama 7, r6c8 da ke ƙarƙashinsa ba zai zama ba. In ko bai zama ba, dole r6c2 ya ɗauka, tunda a wannan layin ma gurbi biyu ne kawai. Ka ga ke nan ko r2c3 ko r6c2, ɗaya yana riƙe da 7. Duk gidan da yake haɗe da su biyun ta layi ko ta ɗaki ya rasa damar 7, wato r1c2 da r3c2 da r4c3 da r5c3. Akan rubuta hukuncin a ƙarshe, misali cewa r1c2 ba 7 ba ne, kamar haka: => r1c2<>7. Ba ka zaunar da lamba ko ɗaya ba, ɗana, share 'yan takara kawai ka yi, amma sau da yawa wannan 'yar sharar ce ke buɗe sauran gidaje. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani saurayi ya taɓa kawo mini doguwar sarƙa yana murna, ya ce ta warware masa wasan da ya kwana yana fama da shi. Na ce ya rubuta mini ita da alamominta. Yana cikin rubutu sai hannunsa ya tsaya, don ya iso inda ya ce "in ba nan ba ne to can ne", alhali lambar tana da gurbi uku a wannan ɗakin. Ya ɗora wa ƙulli mai rauni kayan mai ƙarfi. Ban ce masa uffan ba, rubutun ne ya faɗa masa.

Wannan shi ya sa nake matsa maka a kan rubutu. A cikin kai, son abu ya yiwu yakan yi shigar hujja, amma a kan takarda ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka riƙe wannan ƙa'ida: gurbi biyu kacal a layi ɗaya suna iya tsayawa a matsayin ƙulli mai ƙarfi ko mai rauni, duk wanda kake bukata, amma mai rauni zalla ba ya hawa kujerar mai ƙarfi har abada. Ka bi sarƙarka yadda malaman hadisi ke bin isnadi, mutum bayan mutum, ba sa tsallake kowa don sun ji daɗin maganar. Sannan ka sake karanta ta daga ƙarshe zuwa farko. Sarƙar da ta inganta tana karantuwa ta kowane ɓangare.

Da zarar wannan ya zauna maka, za ka ga yawancin dabarun da ake ba manyan sunaye gajerun sarƙoƙi ne. Na ga matasa suna haddace siffofi barkatai, in siffar ta ɗan karkace sai su kasa gane ta. Ɗauki wadda ake kira XY-Wing:

(3=5)r1c7-(5=8)r1c2-(8=3)r5c2 => r5c7<>3

A nan ƙulli mai ƙarfi yana cikin gidan ne, domin kowane gida 'yan takara biyu gare shi. In r1c7 ba 3 ba ne to 5 ne, sai r1c2 ya koma 8, sai r5c2 ya koma 3. Ko ta ina aka bi, r5c7 ba shi da rabo a 3. Wanda ya fahimci ƙulli ba ya bukatar a gaya masa sunan siffa kafin ya ci moriyarta.

Saura abu guda da nake so ka yi hattara da shi. Akwai dabarun da suka dogara ga cewa wasan amsa ɗaya tak yake da ita, kamar inda gidaje huɗu a layi biyu na kwance, biyu na tsaye, cikin ɗaki biyu, ke neman ƙarewa da lambobi biyu iri ɗaya. Sai a ce hakan ba zai yiwu ba, don da ya yiwu da amsa ta zama biyu. Hujja ce mai kyau, amma aro ce daga amanar wanda ya tsara wasan. Na sha ganin littattafan kasuwa masu wasannin da ba a tace ba, masu amsa fiye da ɗaya. Gary McGuire na Dublin da abokan aikinsa sun nuna a 2012 cewa wasan da aka ba shi lambobin farko ƙasa da 17 ba zai taɓa zama mai amsa ɗaya ba, amma ko mai lambobi da yawa yana iya zama gurɓatacce. In ba ka san hannun da ya tsara ba, ka nemi sarƙar da ta tsaya da ƙafarta.

Ka fara da sarƙar lamba ɗaya mai ƙulli uku har sai idonka ya saba, sannan ka shiga ta gidaje masu 'yan takara biyu, daga baya ka gauraya su. In ka samu wadda ta burge ka, ka rubuto mini ita da alamominta cif, in bi ta gida-gida. Allah ya yi maka albarka.