Ruwan Tiga da kalmar "influence"

A shekarata ta biyu da fara koyar da Turanci a wata sakandare da ke Tudun Wadan Dankadai, na ba 'yan aji shida insha'i a kan madatsar ruwan Tiga. Na zaɓe ta ne don babu yaron da bai san ta ba. Tana ƙasar Bebeji, an gina ta tsakanin 1971 da 1974 zamanin Audu Baƙo, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura. Da na zauna duba littattafan da dare, kusan kowane shafi jimla ɗaya nake cin karo da ita: "The dam has a great influence to the farmers." Na yi ta kashe "to" da jan biro ina ɗora "on" har hannuna ya gaji.

Washegari na shiga aji ina faɗa. Sai wani yaro ɗan Riruwai ya ɗaga hannu, ya ce da Hausa, ko da yake akwai tara a kan mai yin ta a aji: "Malam, kai ka ce mana influence ita ce tasiri, kuma ka ce ga ita ce to. Mu kuwa cewa muke ya yi tasiri ga manoma."

Na rasa ta cewa. Yaran sun bi abin da na koya musu sau da ƙafa, laifin nawa ne. Na ba su kalma ɗaya a bakin kalma ɗaya, alhali wannan ta Turanci ta tattara abubuwan da Bahaushe ya ba kowanne sunansa, kuma ƙananan kalmomin da ke rakiyarta ne ke rarrabe su. Ranar na jingine dokar hana Hausa, muka yi darasin da ita.

Muka fara da tasiri a kan abu, wanda shi ne "influence on". Misalin da na ba su shi ne tasirin Larabci a kan Hausa, tunda ita kanta kalmar tasiri daga can muka aro ta. Sai faɗa a ji, irin na dattijon da ba shi da sarauta amma ba a ƙetare maganarsa a unguwa. Wannan "influence over" ne, daga sama yake sauka. Wanda ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne na uku. Na tambaye su me ake cewa da mutumin da hakimi ke jin maganarsa, suka amsa baki ɗaya: yana da fada a wurinsa. Na ce to wannan shi ne "influence with", daga ƙasa yake hawa. Duk wanda ya ga yadda ake kamun ƙafa lokacin zaɓe a Kiru da Bebeji, ko a Tudun Wada da Doguwa, ya san mai faɗa a ji daban, mai fada daban. Na huɗun bai ɗauke mu lokaci ba. Direban da ya ratsa dajin Falgore "under the influence", a buge yake.

Idan kalmar ta koma aikatau, ba ta son ɗan rakiya ko kaɗan. "He influenced me" ake cewa, kamar yadda muke cewa ya rinjaye ni, ba mu cusa komai a tsakani. Da na haɗa ta da rinjaya, kuskuren "influenced on me" ya ragu sosai a littattafansu.

Batun "a" da "the" ya fi wahala, don Hausa ba ta tafiya haka. Abin da ya taimake mu shi ne harafin da muke liƙawa a ƙarshen suna. Duk inda za ka ce tasirin kaza, to "the influence of" ne. Idan faɗa a ji kake nufi kawai, kalmar tsirara take zuwa: "she has influence". Idan kuwa mutum ne kansa, irin abokin banzan da uwa ke cewa ka rabu da shi, sai a ce "a bad influence". Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da zai zauna jarrabawar WAEC, inda aka ware maki 10 cikin 50 na insha'i don tsabtar rubutu, kuma irin waɗannan kurakurai ne ke cinye su.

Da na koma kan littattafan, sai na ga ni ma gyarana bai kai ba. Jimlar ta daidaita da "on", amma "effect" ko "impact" sun fi dacewa da madatsa. Ta farko sakamako ce, abin da ya biyo baya. Ta biyu kamar bugu ce mai barin shaida, irin ta garuruwan da aka tayar don ruwa ya samu wurin kwanciya. "Affect" kuwa aikatau ce, ita ce shafa. "Influence" ta fi zama a kan hali da tunani, abin da ke ratsa mutum sannu a hankali. Asalinta na Latin ma kwarara ciki yake nufi, don Turawan dā sun ɗauka akwai abin da ke kwararowa daga taurari yana juya halin mutane. Daga nan murar "influenza" ta samo sunanta ta hanyar Italiyanci. Na ce da yaran su tuna yadda ruwan Tiga ke bin magudana yana jiƙa kwami ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an ji ƙararsa ba.

A insha'in ƙarshen zango, ɗan Riruwai ya yi rubutu a kan kakarsa da ta rene shi. Ya rubuta cewa ita ce "the greatest influence on my life". Na kai biro kan jimlar, na duba ta sau biyu, na wuce layi na gaba.