Macijin Rumbunmu

'Yar uwa, ni dai tun ina yarinya a Darki ko igiya na gani yashe a tsakar gida sai gabana ya faɗi. To bana sai ɓeraye suka addabi rumbunmu, dawa da gero duk suka mayar da su gari. Ranar Juma'a Maigidan ya dawo daga kasuwar Wudil da ƙwarya a rufe. Wai wani gardi ne ya sayar masa da maciji, an cire masa haƙori, a saka shi a rumbu ya gama da ɓerayen.

Na ce, "Haba Malam, a gidan da yarinya take rarrafe?"

Ya ce ai Turawa ma a ɗaki suke kiwonsa. Ba ƙarya ya yi ba, ƙanina ya taɓa nuna mini a waya: wani jan maciji mai baƙin zane daga duwatsun Sin da Tailan, ba shi da dafi, a akwatin gilashi ake ajiye shi. Amma da na leƙa ƙwaryar nan, wallahi gamsheƙa ce. Haƙorin dafi kuwa ko an cire shi sake fitowa yake yi, kuma asibitin saran maciji na Kaltungo yana can jihar Gombe.

Kwana biyu ban runtsa ba. Na uku na goya 'yata na nufi gidan surukata. Inna ta zo da kanta, daga soro ta ce, "Kai, fitar da abin nan, ko ni ma in yi yaji."

Juma'a na zagayowa ƙwaryar ta koma Wudil, kuɗin dai ba su dawo ba. Na karɓo 'yar mage a maƙwabta. Har yau ɓera ɗaya ta kama.