Kwastoma Ba Mai Saye Kawai Ba Ne

Ko ba ka yi boko ba, in ka yi wata guda a kasuwar Kejetia ta Kumasi sai bakinka ya kama kalmar "customer", wadda muka mayar kwastoma. Yaran shagona na ɗauka duk wanda ya tsaya taya kaya kwastoma ne. Ni kuwa ina ce musu a'a, ku bi ta a hankali.

Turawa na da kalmomi masu kama da ita. "Buyer" shi ne mai saye, ko sau ɗaya ne ya wuce. "Client" sun fi faɗar ta ga mai zuwa wurin lauya ko wani ƙwararre, amma a Faransanci ita ce ta kasuwa, shi ya sa 'yan'uwanmu na Kwatano da Lome da Maraɗi ke cewa kiliya. Ita kuwa "customer" daga "custom" ta fito, wato al'ada ko sabo. Tushensu ɗaya da kwastan ɗin da ke tare mu a boda. A tsohon Turanci ma, mai karɓar kuɗin fito ake kira da wannan suna. To ka ji, kwastoma shi ne wanda ƙafarsa ta saba da ƙofar shagonka.

A Gana ma abin ya wuce haka. Matar da ke sarin albasa a wurina tana ce mini kwastoma, ni ma ina ce mata kwastoma. Ba kuskuren Turanci ba ne, abokin ciniki ake nufi, kuma kowa na da haƙƙi a kan kowa. In kaya sun yi wuya, nata zan fara ajiyewa. In kasuwa ta tsaya mata, na ba ta bashi ba takarda. In albasa ta cika gari, ba za ta guje ni don ragin sidi biyu ba.

A nan ne baƙo ke tsira ko ya karye. Ba mu da gona a ƙasar mutane, ba dangi kusa, ba bankin da ya san mu. Jarinmu na gaskiya mutanen nan ne masu dawowa. Ka cusa ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu sau ɗaya, ka ci ribar yini, ka zubar da cinikin shekara goma, don labari a zango ba ya kwana.

Saboda haka 'yan'uwa, ku koya wa yaranku bambancin. Mai saye a ba shi canjinsa daidai da sakin fuska. Kwastoma kuwa a san sunansa, a tambayi iyalinsa, a yi masa gyara, ranar da aka yi masa rasuwa a rufe shago a je gaisuwa.