Hunturun Ummi

Talata, 9 ga Janairu
Asibiti, bayan Isha'i. Ummi ta ƙone. Tukunyar ruwan wanka a kan murhu, ita kuma ta matso jin ɗumi, ta yi tuntuɓe da itace. Hannun hagu daga kafaɗa har ƙasan gwiwar hannu, da gefen ƙirji.

Ihun Amarya na fara ji. Na tuɓe wa yarinyar rigar sanyi, ta jiƙe sharkaf da ruwan zafi, na zare awarwaronta kafin hannun ya kumbura, na zaunar da ita bakin randa ina kwarara ruwa da moɗa. Sani riƙe da waya yana duba lokaci. Abin da 'yan Red Cross suka koya mana a makaranta ke nan: ruwa mai sanyi, ban da ƙanƙara, minti 20 cif. Ashe minti 20 tafiya ce. Randa ta ƙare, muka koma kan jarkoki. Yarinya sai karkarwa, ga iskar hunturu, muka lulluɓe sauran jikinta da bargo.

Inna tsaye a kaina da ɗanyen ƙwai. Tsakar gida cike da maƙwabta: wannan ta ce man goge baki, waccan ta ce gishiri da manja, wani daga zaure ya aiko a nemo baƙin mai. Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ki bar ni da ruwan nan tukuna.” Ba ta tanka ba. Ƙwan ma ba ta ajiye ba.

Wankakken zane, A Daidaita Sahu, nan.

Laraba, 10
Ban runtsa ba. Likita ya auna ƙunar da tafin hannun Ummi haɗe da yatsu, wai kowane tafi kusan kashi 1 cikin 100 ne na fatar jikinta. Ya ƙirga 6. An riƙe mu saboda ƙanƙantarta, kuma ƙunar ta ratsa gaɓa. “Me kuka shafa?” Na ce ruwa kawai. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da rubutu.

Yaron gadon kusa da mu baƙin mai aka shafa masa. Sai da aka kankare kafin a ga ciwon. Kukansa har yanzu a kunnena.

Inda ya yi ja yana tsattsafo da ruwa, nan ne Ummi take ihu in an taɓa, kuma wai shi ne mai sauƙin. Akwai wani wuri fari fat a lanƙwasar hannun, kamar faɗin murfin kwalba. Likita ya danna, ko motsi. Amarya ta ce alhamdu lillahi, nan ba zafi. Ya ce a'a, nan ya fi zurfi, jijiyoyin da ke jin zafin ne suka ƙone. Bororon kuma kada kowa ya fasa, aikin likitoci ne.

Alhamis, 11
Zazzaɓi da dare. Ta ƙi abinci, sai ruwa. Malam ya zo da lemo da takardun kantin magani cike da aljihu. Bai daɗe ba.

Asabar, 13
Wankin ciwo. Sai an ba ta maganin zafi an jira ya kama, sannan a warware bandeji, a wanke, a shafa farin man nan, Dermazin, a naɗe. Amarya ba ta iya tsayawa, baranda take fita ta toshe kunne. Ni ke riƙe ƙafafu. Ummi na kallona tana “Mama, Mama,” wai in cece ta, alhali ni ce na danne ta.

Sista ta ce duk hunturu haka ɗakin nan ke cika. Na bi gadajen da ido. Mai kasko, mai kunu, mai man suyar ƙosai. Can ƙurya wata 'yar budurwa, risho ne ya yi bindiga, kananzir ɗin an gauraya shi da fetur. Sani ya karanto a waya cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 180,000 ƙuna ke kashewa duk shekara, akasari a ƙasashe irin namu. Na ce ya kashe wayar nan.

Lahadi, 14
Na leƙa gida wanki. Na durƙusa a tsakar gida daidai tsayin Ummi na duba. Innalillahi. Filas ɗin shayi a ƙasa gefen tabarma. Hita da wayarta a waje, rataye a bakin bokiti. Ashana a kan dakali. Jarkar fetur ɗin janareto jingine da bangon madafa. Shekara nawa muna ƙetare waɗannan.

Filas ya hau kanta, ashana ma. Fetur ya koma bayan zaure. Malam ya ce zai sa a kewaye murhu da bulo. Na kafa doka: mai haɗa ruwan wanka ya fara zuba na sanyi a bokiti, na zafi ya biyo, kuma ba a barin tukunya a tafi ɗauko soso.

Kaskon Inna ne rigima. Ƙofa rufe, taga toshe da tsumma, garwashi jawur har asuba. Ba gobara kaɗai ba, iskar garwashi a rufaffen ɗaki kan ɗauke mutum cikin barci, 'yan kwana-kwana kullum suna faɗa a rediyo. Ta ce da shi ta haifi Malam, da shi ta yaye shi. Mun tsaya a kan za a fitar kafin ta kwanta. Mu gani.

Talata, 16
Sallama! Za mu riƙa komawa wankin ciwo. Sista ta ce fata ba ta tofowa da koko kaɗai: ƙwai, wake, kifi, madara. Inna da kanta ta dafa, ta ɓare, ta miƙo. “To, Malama, ƙwan nawa dai ya yi rana.” Har Amarya sai da ta dara.

Alhamis, 18
Ƙaiƙayi. Na yanke wa Ummi farce tana barci.

Asabar, 20
Ta riƙe hannun a lanƙwashe, ba ta yarda ya miƙe. An ce mu dinga miƙar da shi a hankali safe da yamma, in ba haka ba fatar ta tsuke, hannu ya ƙage. Ina yi tana tsala ihu. Amarya ta ce, “Yaya, don Allah ki ƙyale ta haka nan.” Ban ƙyale ba. Tun azahar ba mu yi magana ba.

Wata ta kawo gashin zomo a ƙulle a leda, wai a barbaɗa ciwon ya bushe. Na yi godiya, na ajiye a kan taga. Da magariba ban gan shi ba.

Lahadi, 21
Na warware gefen bandejin na duba. Ba komai a kai. Astagfirullah.

An kawo bulo, magini bai zo ba.

Talata, 23
Ƙirji ya rufe, sabuwar fata ja-ja, sai shafa basilin da kare ta daga rana. Kafaɗa ma saura kaɗan. Farin wurin dai yana nan jiya i yau. Likita ya daɗe yana kallo. Ya ce ƙunar da ta wuce mako 3 ba ta haɗe ba, galibi sai dashen fata, a yanko daga cinya. A ƙara mako guda.

Ba mu gaya wa Inna ba. Malam ya tambayi kuɗin aikin, an ce sai an yanke shawara. Yau Amarya ce ta miƙar da hannun, ni na riƙe ƙafafu. Alhamis za mu koma.